Kayanait: Dutsen Da Ke Da Tauri Biyu, Kuma Yake Kumbura A Cikin Wuta

Duk mai bin bidiyoyin gwajin sabbin wayoyi a YouTube ya san wannan wurin. Mai gwaji zai jera wasu ƙarafa masu tsini, kowanne da lambarsa, ya riƙa karta su ɗaya bayan ɗaya a fuskar wayar da yanzu aka ɓaro ta daga kwali. Zack Nelson na tashar JerryRigEverything da wannan ya yi suna. A mafi yawan wayoyi sakamakon ɗaya ne: gilashi na fara nuna zane a lamba 6, idan aka kai lamba 7 kuma zanen ya yi zurfi.

Lambobin nan ba masu ƙera waya ne suka ƙirƙiro su ba. Wani Bajamushe masanin ma'adinai mai suna Friedrich Mohs ne ya tsara su a shekarar 1812. Ya jera ma'adinai goma, daga mafi laushi, wato talk da ake yin hoda da shi, har zuwa daimon a lamba 10. Ƙa'idar ba ta da wuya: wanda ya iya kartar ɗan'uwansa ya fi shi tauri. Farcen mutum yana wajen 2.5, wuƙar ƙarfe wajen 5.5, farin dutsen nan kwaz da ya cika yashi kuma yana lamba 7. Shi ya sa makulli da sulalla ba su cika yi wa gilashin waya illa ba, amma ƙwayar yashi guda da ta maƙale a aljihu, ko ƙurar hunturu da ka goge da hannun riga, za ta bar maka zanen da ba ya gogewa.

Ma'aunin Mohs ya ginu a kan zaton cewa kowane ma'adini lamba ɗaya gare shi. Akwai dutsen da ya ƙi yarda da haka ƙiri-ƙiri. Sunansa kayanait.

Wuƙa tana cinsa, kuma ba ta cinsa

Kayanait yakan fito ne dogo-dogo, fale-fale, kamar ruwan wuƙa ko tsinken itacen da aka faskara. Launinsa da aka fi sani shuɗi ne, amma shuɗin ba ya zama daidai: tsakiya ta yi duhu, gefe ya yi fari-fari, kamar yadin da bai sha baba sosai a marina ba. Daga wannan launi sunan ya fito. Abraham Gottlob Werner ya raɗa masa shi a 1789, daga kalmar Girkanci da ke nufin shuɗi mai duhu.

Ɗauki guntunsa ka ja tsinin wuƙa a kansa ta tsawo, za ka ga ta bar zane, domin ta wannan fuskar taurinsa bai wuce 4.5 zuwa 5 ba. Juya shi ka ja wuƙar a gicciye, sai ta zame kawai, saboda ta nan taurin ya kai 6.5 zuwa 7. Dutse ɗaya, fuska ɗaya, wuƙa ɗaya. Wannan ne ya sa Bafaranshen masani René Just Haüy ya ba shi wani suna, disten, ma'ana mai ƙarfi biyu, kuma har yau Faransawa da shi suke kiransa.

Dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsa. Kayanait haɗi ne na alminiyam da silikon da oksijin, abin da masu ilimin sinadarai ke rubutawa Al2SiO5. Ƙwayoyin sun yi sahu-sahu kamar sarƙoƙi da suka miƙe ta tsawon dutsen. Wuƙar da ta bi tsawo tana bi ne ta tsakanin sahu, inda riƙon yake da rauni. Wadda ta zo a gicciye kuwa sai ta tsinka sarƙoƙin da kansu. Duk wanda ya taɓa faskare ko ya tsaga rake ya san bambancin. A gaskiya kusan duk ma'adinai suna da ɗan irin wannan bambanci, har daimon, kuma da shi masu yankan daimon ke samun kafar goge shi. Na kayanait ne dai ya yi yawan da wuƙar kicin za ta iya nuna shi.

'Yan uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya

Baƙin da ke cikin fensir da daimon duk sinadarin kabon ne, yadda ƙwayoyin suka jeru ne ya raba su. Haka lamarin yake a gidan su kayanait, sai dai su uku ne: kayanait, andalusait da silimanait. Sinadaransu ɗaya ne babu ragi babu ƙari. Abin da ke tantance wanda zai fito shi ne yanayin da dutsen ya tsinci kansa a ƙarƙashin ƙasa. Inda matsi bai yi yawa ba, andalusait ke fitowa. Inda zafi ya yi tsanani, silimanait. Inda nauyin ƙasa ya danne sosai, nan ne gidan kayanait.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa ukun suna iya haɗuwa a yanayi guda kacal: zafin digiri 500 zuwa 550 a ma'aunin Salshiyos, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau dubu huɗu ko ɗoriya. Wannan matsi sai an nutsa kilomita 14 zuwa 15 a cikin ƙasa ake samunsa. Ramin da ɗan Adam ya haƙa mafi zurfi a tarihi, wanda Tarayyar Sobiyet ta haƙa a yankin Kola, kilomita 12 da 'yan kai ya tsaya. Ke nan galibin kayanait da ka gani a hannun mutum, ya samu ne a zurfin da babu injin da ya taɓa kaiwa.

To yaya aka yi ya fito sarari? Tun asali laka ce mai yawan alminiyam da ta kwanta a ƙasan teku. Idan manyan faifan ƙasa biyu suka yi karo, kamar yadda Indiya ta daki Asiya kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce har tsaunukan Himalaya suka tashi, lakar sai ta nutse, ta dahu, ta matsu, ta rikiɗe. Bayan miliyoyin shekaru ruwa da iska su cinye tsaunin da ke samanta, abin da ke can ƙasa ya bayyana. Saboda haka masana duwatsu ke ɗaukar kayanait tamkar agogon auna matsi da aka binne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 George Barrow ya yi amfani da shi wajen zana taswirar tsaunukan Sikotlan, yana nuna inda dutse ya fi shan matsi da zafi. Idan aka ga kayanait a fili mai shimfiɗe, alama ce cewa a da can akwai tsauni a wurin.

Riƙe wannan batu na matsi, domin shi ne sirrin duk abin da zai biyo baya. Kayanait ya fi 'yan uwansa nauyi: ya ninka nauyin ruwa sau 3.6, alhali andalusait da silimanait ba su wuce 3.1 zuwa 3.2 ba. An cusa ƙwayoyinsa ne kamar kayan da aka danna cikin buhu aka taka da ƙafa.

A kasuwar duwatsun ado

Shuɗin kayanait mai kyau yana iya ruɗar ido, kuma akwai dalili. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe da titaniyam da ke ba safaya launinta, shi ne yake ba kayanait nasa. Tun tsakiyar shekarun 1990 da aka fara fito da irinsa garai-garai daga Nepal, masu sayarwa ke kwatanta shi da safaya mai tsada. Ana samunsa kuma a Birazil da Indiya da Kenya da Suwizalan, akwai kore, akwai baƙi, har da mai ruwan lemo daga Loliondo a Tanzaniya, wanda sinadarin manganis ya rina.

Kamannin a ido ya tsaya. Safaya tana lamba 9 a ma'aunin Mohs, shi ya sa ake rufe fuskar agogo masu tsada da idon kyamarar wasu wayoyi da irinta ta masana'anta. Kayanait kuwa, ban da laushinsa ta tsawo, yana da saurin tsagewa. Masu yanka shi suna shan wahala, domin dutsen niƙa na cin gefe ɗaya da sauri ya tsaya a ɗaya gefen, kuma bugu kaɗan zai raba shi biyu. A 'yan kunne ko sarƙar wuya zai daɗe. A zoben da za a yi wanki da girki da shi, ba zai kai labari ba.

Wannan ya shafe mu, tunda ana haƙar safaya a tsaunin Mambila da kudancin jihar Kaduna, kuma cinikin duwatsu yanzu ya koma WhatsApp da TikTok, inda hoto kawai ake gani. Hoto ba ya nuna tauri, ba ya nuna nauyi. Safaya ta ninka nauyin ruwa sau 4, kayanait 3.6, kuma ƙaramar na'urar auna karyewar haske da masana duwatsun ado ke amfani da ita tana raba su cikin minti guda. Wanda zai zuba kuɗi masu yawa a shuɗin dutse bai kai shi an auna ba, caca yake yi.

Akwai kuma wata kasuwar da ta fi wannan ban haushi. Shafukan sayayya na intanet cike suke da kayanait, musamman baƙin, da ake tallatawa a matsayin maganin tururin waya da na Wi-Fi: wai ka ajiye shi kusa da kwamfuta ko ka manna a bayan waya ya zuƙe illar. Babu wata hujja ta kimiyya a kan haka. Kayanait ba ya ɗaukar lantarki, saƙon rediyo kuwa ratsa irinsa yake yi ya wuce, ko ya kewaye shi. A ce ma yana tarewa, da asara ce: wayar da aka toshe wa hanya ƙara ƙarfin saƙonta take yi don ta kamo eriya, batir ya zube, sabis ya ragu. Dutse ne mai kyan gani a kan tebur, iyakarsa ke nan a wannan fanni.

Abin da wuta ke yi masa

Ainihin darajar kayanait ba a shagon gwal take ba. Tana cikin tanderu.

Kowane maginin tukwane ya san tukunya takan fito daga wuta ta fi yadda ta shiga ƙanƙanta. Laka tana tsukewa idan ta bushe, ta ƙara tsukewa idan ta gasu. A tukunyar miya wannan ba matsala ba ce. Amma ka ƙaddara bangon tanderun da ke riƙe da narkakken ƙarfe mai zafin digiri 1,600. Idan bulo ko simintin da aka shafe cikinsa da shi ya tsuke, sai ya tsage, kuma ta tsagar nan ƙarfen zai bi. Ƙarshenta a kashe tanderu na kwanaki, idan ma an yi sa'a babu wanda ya ƙone.

Kayanait akasin laka yake yi. Idan zafi ya haura digiri 1,100 yakan fara sakin jiki, daga wajen 1,350 zuwa 1,400 kuma sai ya rikiɗe gaba ɗaya ya zama wani sabon ma'adini da ake kira mulait, tare da ragowar silika. Buhun nan da aka danna a ƙarƙashin tsauni ya kwance baki ke nan. Girmansa yana ƙaruwa da kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, kuma ko ya huce ba ya komawa. 'Yan uwansa biyu ma suna zama mulait, amma kumburinsu kaɗan ne, tunda ba su sha matsin da ya sha ba.

Dabarar injiniyoyi a nan mai sauƙi ce, kuma a ganina tana cikin mafi daɗin ji a duk fannin. Abu ɗaya yana tsukewa a wuta, ɗaya yana kumbura. Sai a auna, a zuba garin kayanait daidai gwargwado a cikin kwaɓin, kumburin wannan ya cike tsukewar wancan, bango ya fito daga wuta da girman da aka zana shi. Har girman ƙwayar garin ana lissafawa, domin mai tsakuwa-tsakuwa ya fi kumbura, mai laushi kamar fulawa kuma kaɗan yake yi.

Shi kansa mulait ɗin da ya rage riba ce. Ba ya narkewa sai an haura digiri 1,800, ba ya saurin fashewa idan aka fito da shi daga zafi zuwa sanyi, ba ya lanƙwasa ƙarƙashin nauyi a cikin wuta, kuma ba ya ɗaukar lantarki. Yana fitowa ne kamar ƙananan allurai da suka sarƙe juna irin saƙar zana. A cikin ƙasa da wuya a same shi. Sunansa ya samo asali ne daga tsibirin Mull na Sikotlan, inda narkakken dutsen aman wuta ya gasa laka. Amma yana cikin gidanka: kofin tangaran da farantin tangaran duk akwai shi a jikinsu.

Daga fulogi zuwa batir

Mota ce ta fara fito da wannan dangi fili. A farkon ƙarni na 20, farin tangaran da ke jikin fulogi yana yawan fashewa, domin ana so ya jure wutar cikin inji kuma ya tsare lantarki mai ƙarfin dubban bolt a lokaci guda. Injinan jiragen sama na Yaƙin Duniya na Ɗaya suka ƙara tona asirin matsalar. Bincike ya nuna cewa tangaran mai yawan alminiyam da silika irin na gidan su kayanait ya fi juriya. Dokta Joseph Jeffery, wanda ke da alaƙa da kamfanin Champion, ya bi sawu har ya samu andalusait a can saman tsaunukan White a Kalifoniya, wurin da alfadarai ne kaɗai ke iya sauko da kaya. Daga farkon shekarun 1920 zuwa 1945 ana haƙa a wurin, kamfanin kuma yana tallar fulogoginsa da sunan silimanait. Abin dariya, a 1924 wasu masana biyu, Bowen da Greig, suka gano cewa alluran da kowa ke kira silimanait a cikin gasasshen tangaran ba shi ba ne, mulait ne. Tangaran ɗin fulogin yau galibinsa alumina ne, amma ta wannan hanya aka bi aka iso.

A yau babbar mahaƙar kayanait ta duniya tana tsaunin Willis a jihar Bajiniya ta Amurka, a hannun kamfanin Kyanite Mining Corporation, wanda ke aiki a tsaunin tun shekarun 1950. Wanda ya je neman shuɗin dutse a can zai sha mamaki, domin abin da ke fita fari-fari ne mai ruwan toka, kamar yashin gini. Ana fasa dutsen, a niƙa, a zuba shi a ruwa mai kumfa da sinadarin da ke sa ƙwayoyin kayanait su manne wa kumfar su taso, sannan a bi da maganaɗisu a cire ƙarfe. Wani a sayar da shi ɗanye, wani a gasa shi ya zama mulait tun kafin ya bar masana'anta. Abin da Amurka ke fitarwa a shekara yana kaiwa tan dubu 80 zuwa dubu 100. Andalusait kuwa Afirka ta Kudu da Faransa da Peru ne manyan masu shi, Indiya kuma ta yi fice a silimanait.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 90 cikin ɗari na kayanait da mulait na ƙasar yana tafiya ne wajen yin kayan da ke jure wuta, kuma kusan kashi biyu bisa uku na wannan masana'antun ƙarfe ne ke shanye shi. Sauran na masu siminti ne, da gilashi, da alminiyam da tagulla. Kashi goman da ya rage ya watsu a wurare da dama: abin kama burkin mota, dutsen wasa ƙarfe, kwanon wanke hannu na banɗaki, da fararen tangaran da ke riƙe wayoyi a kan turakun lantarki.

Wurare biyu sun fi kusa da mai karanta wannan shafi. Na farko injin jirgin sama da na tashar lantarki mai aiki da iskar gas. Fukafukan da ke juyawa a cikinsu ana zuba su ne ta dabarar da maƙeran tagulla na Ife da Benin suka ƙware a kai ɗaruruwan shekaru da suka wuce: a ƙera siffa da kaki, a lulluɓe ta da laka, a narkar da kakin ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Bambancin shi ne lulluɓin zamani ba a yarda ya motsa ko da kaurin gashi ba, don haka mulait da kayanait na cikin abubuwan da ake haɗa shi da su.

Na biyu batirin wayarka. Garin da ake shafawa a ɗaya ɓangaren batirin litiyam, wanda shi ne ke riƙe caji, sai an gasa shi na sa'o'i a zafin digiri 700 zuwa 1,000. Ana zuba shi ne a wasu akwatunan tangaran marasa murfi da ke bin juna cikin dogon tanderu, kuma galibin akwatunan nan da mulait ake haɗa su. Litiyam na cin jikinsu, saboda haka kullum cikin sauya su ake, kuma yawaitar motoci masu lantarki ta ƙara musu kasuwa. A nan sai an yi adalci: mulait da yawa na masana'anta ne, ana yinsa daga farar ƙasa da boksait ko alumina, ba daga kayanait ba. Idan ka buɗe wayarka ba za ka ga ko ƙwayar kayanait ba. Aikinsa da na danginsa ya ƙare tun a tanderun da ƙarfe da gilashi da garin batirin suka ratsa.

A gida Najeriya

Tsofaffin duwatsun da suka shimfiɗu a arewa maso yamma da tsakiyar Najeriya sun sha irin karon da ke haifar da kayanait, kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, kuma masana duwatsu sun ba da rahoton samunsa a jihohin Kaduna da Neja. A ɗaya ɓangaren, masana'antun siminti irin na Obajana da Sakkwato, da masu narkar da tsofaffin ƙarafa su yi rodi, duk suna cin bulo mai jure wuta, kuma mafi yawansa daga waje ake shigo da shi da dala.

Sai dai kayanait ba zinariya ba ne da mutum zai wanke a kwano ya sa a aljihu. Tan guda na wanda aka tace 'yan ɗaruruwan daloli ne, ribar a yawa take. Mai saye kuma ba ya karɓar dutse, gari yake so mai alumina fiye da kashi 55 cikin ɗari, wanda ƙarfen cikinsa bai kai ya kawo ba, kuma girman ƙwayarsa iri ɗaya a kowane buhu, domin da wannan girman injiniya ya yi lissafin kumburi. Kafin a kai nan ana bukatar injin niƙa, da tankunan kumfa, da maganaɗisu, da ɗakin gwaji, da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Wanda kuma zai sayar da mulait sai ya ƙara da tanderun da ke riƙe zafin digiri 1,450 dare da rana.